Kabare mai mata huɗu: shin matan tsuntsaye sun fi mazan yawa ne?

Ɗan Haɗeja: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masana. Kabare dai kowa ya san shi, namiji ɗaya sai ka ga ya rataye sheƙa huɗu biyar a reshe kuma kusan kowace da mace a ciki, haka ma mulufi a bakin fadama. To ni abin da na ɗauka shi ne matansu sun fi mazansu yawa nesa ba kusa ba, in ba haka ba ina zai samo su? Mun yi musu da wani abokina ya ce sam ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya dan Allah

Abu Hanif: Wslm. Ai wannan ba abin musu bane dan uwa, ka kalli garkensu da rani mana, cikin dari da kyar kaga namiji biyu uku. duk mata ne wlh

Malama Bilki: Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanif wannan garken da kake gani da rani shi ne yake ruɗar mutane. Namijin mulufi jan nan da baƙin nan na damina ne kawai, da kaka ta wuce sai ya zubar da gashin ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane sak macen. Zalaidu ma haka, doguwar jelar nan faɗuwa take. To garken da ka ce duk mata ne, akwai maza manya a ciki da suka tuɓe kayan ado, akwai samari da ba su taɓa yin adon ba tukuna, sannan matan. Da ido daga nesa ba mai iya raba su, sai an kama an auna fiffike ko an gwada jini.

Abu Hanif: Toh naji na rani. amma na damina fa? ga namiji daya ga mata hudu a gabanka, lissafi ai baya karya

Malama Bilki: Lissafin ne ma zai nuna maka. Ka ɗauka akwai maza 100 mata 100. Idan maza 25 masu ƙarfi kowa ya kwashi huɗu, mata sun ƙare kenan, saura maza 75 ba su da ko ɗaya. Kai kuma idonka yana kan mai mata huɗun ne saboda shi ne a tsakiyar bishiya yana ta kaɗa fiffike yana ihu, waɗancan 75 ɗin ba ka ƙirga su ba don ba su da abin da zai ja hankalinka. Kuma a kabare akwai ƙari, mace tana shekara ɗaya ta fara ƙwai, namiji kuwa yawanci sai ya shekara biyu, shekarar farko yana can gefe da sa'o'insa suna koyon saƙa, sheƙunan nan karkatattu da ake gani ba kowa ciki nasu ne. So ko da an ƙyanƙyashe su daidai wa daida, a bishiyar kiwo za ka ga mata sun fi yawa.

Baba Mai Kanari: Gaskiya yarinyar nan ta faɗa. Ni tun ina yaro nake kiwon tsuntsu a keji, kanari dai in ka tara abin da suka ƙyanƙyashe a shekara maza da mata kusan ɗaya suke fitowa. Wata sheƙar duk maza wata duk mata amma in ka haɗa sai ya daidaita.

Malama Bilki: Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Kuma akwai dalilinsa, wani masanin lissafi ɗan Ingila Ronald Fisher ya bayyana shi a 1930. In mata suka yi yawa maza suka yi ƙaranci, to duk uwar da take yawan haifar maza ita za ta fi kowa jikoki, don kowane ɗanta zai samu mata da yawa. Sai jininta ya bazu, masu haifar maza su ƙaru, har sai an dawo daidai. In maza ne suka yi yawa sai abin ya juya. Shi ya sa ko a tsuntsun da namiji ɗaya ke tara mata goma, a ƙwai kusan rabi da rabi ne.

Ummi Jos: Malama bari in ƙara wani abu da ya ba ni mamaki a aji. A mutum ai namiji ne mai ƙwayoyin gado XY, mace XX, shi ke kawo jinsin ɗa. A tsuntsu akasin haka ne, namiji ZZ mace ZW, wato ƙwan uwa ne ke yanke ko namiji ko mace tun kafin maniyyi ya iso

Abu Hanif: Ikon Allah. to amma ni har yanzu ina ganin hikima ce, yadda ake cewa mata sunfi yawa a mutane haka a tsuntsaye, shiyasa aka halatta mana hudu

Maman Ilham: Kai Malam Abu dama na san nan za ka, tun ɗazu nake jiranka. Tsuntsu ake magana dan Allah

Admin: Jama'a a yi haƙuri, hukuncin aure yana da malamansa da wurin tambayarsa, ba a ɗauko shi daga bishiyar kabare. Nan tsuntsaye muke tattaunawa. Malama ci gaba

Malama Bilki: Na gode Admin. To abin da zai fi ba ku mamaki, in aka bar ƙwai aka koma ƙirga manya, a yawancin tsuntsayen daji MAZA ne suka fi yawa. Wani mai bincike Paul Donald ya tattaro ƙididdigar da aka yi a nau'o'i masu yawa ya fitar a 2007, ya samu a matsakaici maza sun ɗara mata da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ba wai an fi haifarsu ba ne, matan ne suke riga mutuwa. Ita ce take zuba ƙarfin jikinta cikin ƙwai, ita ce mai kwanci kwana goma sha wani abu a wuri ɗaya, maciji ko ɓera ko mage in sun zo ita suke tararwa a ciki shi yana can kan reshe. Sannan a tsuntsaye mace ce ta fi barin inda aka haife ta ta tafi nesa neman wurin zama, namiji ya fi maƙalewa kusa da gida inda ya san maɓoya da wurin abinci, tafiyar nan kuwa tana cin rayuka sosai.

Ummi Jos: Amma Malama a yi wa Ɗan Haɗeja adalci kaɗan, a nau'o'in da namiji ke tara mata ɗin an fi samun inda manyan mata suka ɗan rinjaya, saboda a can mazan ne ke wahala, ga faɗa ga ado mai jawo shaho ga girman jiki mai buƙatar abinci. Kenan tunaninsa ba gaba ɗaya ya kauce ba

Malama Bilki: Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, akwai wannan alaƙar, masu bincike Liker da Székely da abokin aikinsu sun nuna ta a 2014. Abin da nake ƙi shi ne a ce huɗu da ɗaya. Ɗan rinjaye daban, huɗu da ɗaya daban. Kuma har yanzu ana jayayya wanne ya haifi wanne, ƙarancin maza ne ya kawo tara mata ko gasar tara matan ce take kashe mazan.

Ɗan Haɗeja: To in ba yawan mata ba ne, me ya sa mace za ta yarda ta zama ta uku alhali ga gwauraye birjik a gefe? Wannan ne ban gane ba

Malama Bilki: Yauwa, nan ne ainihin maganar. Tambayar da za ka yi a kowane tsuntsu ita ce, uwa ita kaɗai za ta iya ciyar da 'ya'yan ko sai da uba? Wani Bature John Crook ya bi dangin masu saƙa gaba ɗaya a Afirka da Asiya, aikinsa ya fito a 1964. Ya ga waɗanda ke cikin kurmi masu cin ƙwari, abincinsu a warwatse yake sai an sha wuya ake samu, su miji ɗaya mata ɗaya ne, sheƙarsu a ɓoye ita kaɗai, kuma namiji da mace sau da yawa kusan kala ɗaya. Na fili kuwa masu cin tsabar ciyawa irin kabare da mulufi, da damina abinci ya yi yawa har ya fi ƙarfinsu, uwa tana iya ɗaukar mafi yawan aikin, abin da ke ƙaranci shi ne wurin sheƙa mai tsaro, bishiyar da ke kan ruwa ko tsakiyar gari ko mai ƙaya. Wanda ya kame wuri mai kyau shi mata ke bi. Gara ta zama ta uku a reshen da maciji ba ya kaiwa da ta zama ita kaɗai a inda za a cinye ƙwan.

Kuma ba ta shiga haka nan fa. Wasu ma'aurata masu bincike Nicholas da Elsie Collias sun shafe shekaru kan kabare, namiji yana yago tsinken ciyawa ko ganyen dabino wajen 300 ya saƙa sheƙa ɗaya cikin kamar yini guda, sai ya rataya a ƙasanta kai a ƙasa yana kaɗa fiffike. Mace ta zo ta shiga ta jajja ta duba. In ta yi mata sai ta kawo shimfiɗa mai laushi da kanta. In ba wadda ta karɓa har ciyawar ta bushe ta bar kore, shi da kansa zai warware ta ya zubar ya sake sabuwa. Shi ya sa ƙarƙashin bishiyarsu kullum cike da tarkace.

Manomi Nguru: Malama to jan baki fa? suma ai tsaba suke ci kuma sunfi kowa taro, mu nan sun hanamu sakat, cikin kacalla suke kwana da safe su fado ma shinkafa. nasu mazan mata nawa suke ajewa

Malama Bilki: Allah ya kawo muku sauƙi Malam. Jan baki shi ne ya karya wannan ƙa'idar, duk yawan nan nasa da ake kiyasta ya kai biliyan ɗaya da rabi a Afirka, a kowane zama miji ɗaya mata ɗaya ne. Dalilin gaggawa ce. Dubban ɗaruruwa ne suke sauka a dajin ƙaya lokaci ɗaya, cikin 'yan kwanaki kowa ya saƙa kowa ta yi ƙwai, kwanci kwana 9 zuwa 10 kacal, 'ya'yan ma ba sa daɗewa a sheƙa, dole a gama kafin ɗanyar tsaba da ƙwari su wuce. Kafin namiji ya ce zai nemi ta biyu duk matan sun riga sun shiga ɗaki, kuma ciyarwar sai da su biyun. Peter Ward ya yi aikinsa a kansu nan yankin Tafkin Chadi ya wallafa a 1965, har da batun yadda yawan maza da mata ke canzawa da lokacin shekara, maza suna rinjaya idan abinci ya yi wuya.

Manomi Nguru: Allah mai iko. ashe barayin nan ma suna da tsari

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Nijar. Ni tambayata waɗanda ake cewa miji ɗaya mata ɗaya ɗin, na taɓa ji a rediyo wai kashi 90 na tsuntsaye haka suke. Gaskiya ne?

Ummi Jos: Malam Issoufou wannan adadin na David Lack ne tun 1968, kuma gaskiya ne in zaman tare da renon 'ya'ya ake nufi. Amma wanene uban ƙwan wata magana ce daban. A Amurka akwai wani baƙin tsuntsu mai jan kafaɗa da ke ɓarna a gonaki, a 1975 aka ce bari a yi wa mazan aikin da zai hana su haihuwa a sake su ko za su ragu. Sai ga shi da yawa daga ƙwan da matan da ke yankinsu suka yi suna da ɗa a ciki. Kenan maƙwabta ne. Da gwajin DNA ya shigo wajen 1987 aka fara da gwara a Ingila, daga nan abin ya fashe, wani nazari na 2002 da ya haɗa bincike da yawa ya nuna a masu zaman mutum biyu, a matsakaici kusan ɗa 11 cikin 100 ba na mijin da ke ciyar da su ba ne

Maman Ilham: Subhanallah. To shi mijin bai sani ba?

Ummi Jos: Yana iya ƙoƙarinsa Maman Ilham, kwanakin da take shirin yin ƙwai ba ya barinta ta matsa, duk inda ta tashi yana bayanta, amma shi ɗin ma da ya samu sarari sheƙar maƙwabci yake leƙawa. Wanda ya fi kowa shi ne wani ɗan ƙaramin shuɗin tsuntsu a Ostireliya, an bi su a lambun gwamnati da ke Kanbera aka samu kashi 76 na 'ya'yan ba na mazan gidan ba ne, kuma macen ce da kanta take fita kafin gari ya waye ta nufi wanda ta zaɓa ta dawo

Malama Bilki: Akwai kuma na Nick Davies a lambun jami'ar Kambirij tun shekarun 1980, wani tsuntsu ruwan ƙasa da ba wanda ke kallonsa sau biyu. A lambu ɗaya ya samu mai mata ɗaya, mai mata biyu, mace mai maza biyu, har maza biyu da mata biyu ko uku a haɗe. Macen ta fi riba da maza biyu don duk wanda ya samu taka ta zai taya ta ciyarwa, shi kuma babban namijin ya fi riba da mata biyu, kowa yana ja ta ɓangarensa. Kuma shekarar da sanyi ya yi tsanani mata suka fi mutuwa, sai masu maza biyu su ƙaru. Ka ga nan yawan jinsi ya taɓa tsarin kai tsaye, amma ta inda Malam Abu bai zata ba.

Abu Hanif: hmm naji. ni dai na karu amma wannan na mace da maza biyu bai kwanta min ba gsky

Baba Mai Kanari: Dabba ce ɗana, ba a yi mata shari'a. Ni zalaidu nake so a yi min bayani, shekara da shekaru ban taɓa ganin sheƙarsa ba

Ummi Jos: Baba ba za ka gani ba don ba ya yi. Danginsu duk a sheƙar wasu suke zuba ƙwai. Akwai ɗan'uwansa baƙi mai sheƙi ƙarami da ke yi wa tsuntsuwar nan baiwar Allah haka, ita ta yi kwanci ta rena tare da nata. Tunda ba reno ba sheƙa, namiji ba abin da yake ba mace sai barbara, sai ya kama kan bishiya ɗaya yana ta waƙa yini guda, waƙar ma ta uban riƙonsa yake kwaikwaya, mata su zagaya su saurara su zaɓa, 'yan ƙalilan ne ke kwashe yawancin matan. Robert Payne ne ya yi shekaru yana binsu, kuma ta bin waƙar wani irinsu a nan tsaunukan Jos aka gano sabon nau'in baiwar Allah ta duwatsu, aka bayyana ta a 1998. Tana nan a dajin Amurum inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take

Malama Bilki: Batun jela kuma Baba, an gwada a Kenya a 1982. Malte Andersson ya kama mazan wani ɗan'uwan mulufi mai jela wajen rabin mita, wasu ya datse musu ya manna wa wasu guntun har tasu ta kai santimita 75, wasu ya bar su. Masu ƙarin jelar su suka fi samun sabbin sheƙu a yankinsu. Inda namiji ɗaya zai iya kwashe mata da yawa wasu su tashi a tutar babu, nan ado ke wuce gona da iri.

Issoufou Maraɗi: To tunda kun ce ƙwan uwa ke yanke jinsi, tana iya zaɓa kenan?

Malama Bilki: A yawancinsu ba a ga wata babbar karkata ba, amma akwai inda aka gani ƙarara. A tsibirin Kuzin na ƙasar Seshel akwai wani ɗan tsuntsu da ya kusa ƙarewa, bai kai 30 ba a ƙarshen shekarun 1960. 'Ya mace a wurinsu takan zauna gida ta taya iyaye reno, namiji ya fi tafiya. Jan Komdeur ya fitar a 1997 cewa iyayen da ke yanki mai yawan ƙwari kuma ba su da mai taya su, kashi 87 na ƙwansu mata ne, waɗanda ke yanki mara abinci kuwa kashi 77 maza, don can ƙarin baki nauyi ne. Da aka ɗauki wasu daga mummunan wuri aka kai su wani tsibirin mai albarka sai suka koma haifar mata. Ni wannan binciken duk sanda na koyar da shi sai tsigar jikina ta tashi.

Kuma dan Allah kar a ɗauka wannan hira ce kawai. Donald ya nuna nau'in da ke dab da ƙarewa shi ya fi karkata ga maza. A ƙasar Kef Bade akwai wani tsuntsu da a lokacin ba ya ko'ina a duniya sai ɗan tsibirin Raso, da fari ya yi tsanani a farkon shekarun 2000 suka koma ƙasa da 100, kuma kusan maza biyu ga mace ɗaya, namijin bakinsa ya fi tsawo yana iya tono abinci a busasshiyar ƙasa fiye da ita. Mu kuma masu ƙidaya yawanci waƙa muke bi, mu ji namiji yana rerawa mu rubuta miji da mata, alhali wataƙila gwauro ne, gwauron ma ya fi mai mata yawan waƙa. Sai a ce suna nan lafiya nan kuwa masu yin ƙwan sun kusa ƙarewa.

Baba Mai Kanari: Wannan haka yake, kanari in ka haɗa shi da mace waƙarsa raguwa take, shi ya sa masu son kuka suke ware shi shi kaɗai. Kuma a kasuwa namiji ake nema shi ke da kuɗi, mace ba mai tayawa tunda ba ta waƙa

Ummi Jos: Baba a kanari na keji haka ne galibi, amma ba a duka ba. An duba nau'o'i masu yawa a 2014 aka samu kashi 71 matansu suna waƙa, musamman a ƙasashe masu zafi irin namu inda miji da mata ke zama a yanki ɗaya duk shekara su kare shi tare. Akwai mai jan ƙirji da baƙin baya da rawayan kai da ke cikin sarƙaƙiya, kukan nan da kake ji kamar na tsuntsu ɗaya su biyu ne, namiji ya yi fito mace ta karɓa da ƙara-ƙara nan take ba tazara

Baba Mai Kanari: Na san shi sarai, yana nan bayan gidanmu wajen rafi. Gobe da asuba in Allah ya kai mu zan je in tsaya in ga bakin wa ke motsi